Wa Ke Riƙe Da Lasifika? Kallonmu Daga Majigi Zuwa Waya

A watan Fabrairun 2018, cikin tsananin sanyin birnin Balin na ƙasar Jamus, aka haska fim ɗin Shaihu Umar a babban bikin finafinai na birnin. Fim ne na Hausa tsantsa, wanda marigayi Adamu Halilu ya ba da umarninsa a 1976, aka ɗauko labarin daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Baƙi suka sayi tikiti suka zauna suna bin fassara a ƙasan allo. Mu da ba mu buƙatar fassarar muna nan Ɗandume, a waya muka tsinci labarin, kamar yadda muke tsintar labarin ƙwallon Turai.

Mai karatu, in kana so ka gwada, shiga kasuwar hatsi ta Ɗandume, ko wata majalisar shayi a Funtuwa ko Malumfashi, ka tambayi wanda ya taɓa kallon Shaihu Umar. Za ka samu waɗanda suka karanta littafin a makaranta, har su ba ka labarin Makau da korarsa daga Rauta. Amma fim ɗin, sai dai wani dattijo ya ce yana jin ya taɓa ganinsa a talabijin da daɗewa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan. Muna so mu bi sawun yadda kallo ya shigo ƙasarmu, mu ga wa ke magana a wajen kallon a kowane zamani, wa kuma aka bari da saurare.

Motar majigi

Kafin kakanninmu su san gidan sinima, majigi suka sani. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Turanci mai nufin sihiri, wadda Turawa ke kiran wata tsohuwar fitilar haska hotuna da ita. Wani jami'in kiwon lafiya a Legas, William Sellers, shi ya fara amfani da fim wajen wayar da kai a shekarun 1920, lokacin annobar da ɓeraye ke yaɗawa. Daga baya aka ƙera masa mota mai ɗauke da injin wuta da na'urar haskawa da lasifika. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, aka ɗora Sellers a kan aikin.

Tsofaffinmu sun ba mu labarin yadda ake yi. Mota za ta iso gari da la'asar, sanƙira ya zaga ya yi shela. Bayan sallar isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, manya a kan kujeru, sauran jama'a a ƙasa, yara a gaba suna ture-ture. Kyauta ne, ba a biyan ko anini. Za a nuna labaran duniya, a nuna fim ɗin tsafta ko na noma, a ƙarasa da ɗan abin dariya don kada a watse da wuri. Yawancin finafinan koyarwar salo ɗaya ne da su: ga mutum mai wayo da ya bi shawarar hukuma ya ci riba, ga wawa da ya ƙi ji ya sha wuya.

A gefen motar akwai mutum guda riƙe da lasifika, shi ne tafinta. Shi ke faɗa wa jama'a abin da idonsu ke gani, da darasin da ake so su ɗauka. Sellers ya yi imani cewa mutanen karkara ba za su gane fim mai saurin sauya hoto ba, don haka ya shimfiɗa ƙa'ida cewa a riƙa ɗaukar hoto a hankali, a rage yanke-yanke, a bar abu ɗaya a allo har ya zauna a ido. A farkon shekarun 1950 har wani masanin halayyar al'umma, Peter Morton-Williams, aka tura ƙauyukan Nijeriya, ciki har da na Hausawa, ya duba yadda mutane ke karɓar waɗannan finafinai. Rahotonsa ofis ya tafi. Waɗanda aka yi nazarin a kansu ba a karanta musu ba.

Yankinmu yana da dalili na musamman da ya sa majigi ya san hanyarsa, dalilin kuwa auduga ce. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, BCGA, wadda aka kafa a Mancesta a 1902, ta kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa Funtuwa yana kwasar dilolin auduga. A Daudawa kuma aka yi gonar gwamnati ta yaɗa iri. Masaƙun Ingila na buƙatar manomin da zai shuka irin da aka ba shi, a lokacin da aka ce masa, ya tsince ta da tsafta. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ce fim ɗin da ake yawan ambata a matsayin na farko da Hausa, wato Baban Larai na tsakiyar shekarun 1950, fim ne na koyar da noman zamani, auduga a kan gaba. Bayan samun mulkin kai ma Ma'aikatar Watsa Labarai ta Jihar Arewa ta ci gaba da aika motocin, aka ƙara da rangadin Sardauna da buɗe makarantu da asibitoci.

Ba za mu raina majigi ba. Ya koya wa mutane tafasa ruwa da zuwa rigakafi, ya tara maza da mata da yara a fili guda ba tare da wani ya ɗaga gira ba, domin a ƙofar fada ake yi kuma da izinin sarauta. Sai dai manomin da ya shekara talatin yana noman auduga, aka zo aka nuna masa yadda ake noman auduga, ba wanda ya miƙa masa lasifika ya ce, "Baba, kai me ka gani?" Da a ce an tambaye shi, wataƙila da farashin da ake saye a wajen awo zai fara. Muhawarar ana yin ta, amma sai motar ta tafi, a zaure da bakin rijiya.

Dodon bango

Gidan sinima ta wata ƙofa ya shigo. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka gina na farko-farko a Kano, irin su Rex a 1937, a wajen ganuwa, kusa da mashaya da otal-otal. Tun daga nan sunansa ya ɓaci. Wasu suka kira abin dodon bango, malamai suka yi ta muhawara a kan hukuncin hoto mai motsi. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu. Jama'a da dama suka ɗauki abin a matsayin ishara. Da aka gina sinimar Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, sai da aka yi ta rigima da masu adawa da ita. Ginin daga baya asibiti aka mayar da shi.

Duk da haka sinima ta cika. Finafinan kaboyi na Amurka suka fara, sai na Indiya suka zo suka ƙwace fage, daga baya na Sin masu faɗa suka samu rabonsu. Bahaushe ya ga auren dole a fim ɗin Indiya, ya ga kunya tsakanin suruki da suruka, ya ga talaka da mai kuɗi, ya ce wannan ai gidanmu ne. Manomin da ya ga Mother India na 1957, labarin macen da bashin mai ba da rance ya cinye mata gona, bai buƙaci tafinta ba.

A gidan sinima kam 'yan kallo sun samu baki. Ana ihu, ana gargaɗin jarumi cewa ga mugu nan bayansa, ana bin waƙa ko ba a san ma'anarta ba. Amma su wa ke ciki? Samari ne da direbobi da 'yan kasuwar da dare ya riske su a birni. Matar aure ba ta zuwa, budurwar da aka gani a can ta jawo wa kanta magana, malami da dattijo ba su taka wajen. Mutumin Ɗandume da ya kai kaya Zariya ko Kano ya leƙa sinima, in ya dawo abokansa yake ba labari, ban da mahaifinsa. Wato inda aka tara kowa ba a ba da damar magana ba, inda aka samu damar magana kuma rabin gari ba ya iya shiga.

Finafinan da suka kwanta a gwangwani

A tsakanin nan ne aka yi wasu finafinan Hausa a kan faifan sinima na ainihi, irin wanda ake naɗewa a gwangwani. Shaihu Umar na cikinsu, kuma an nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Adamu Halilu ya kuma yi Kanta na Kabi. Daga baya aka yi Ruwan Bagaja daga littafin Abubakar Imam, da Maitatsine na Sule Umar, da Ƙasarmu Ce na Saddiq Ɓalewa, da Kulɓa Na Ɓarna wanda Brendan Shehu ya ɗauko daga wasan kwaikwayon Umaru Ɗanjuma Katsina. Waɗannan su ne tsofaffin finafinanmu, irin waɗanda wasu ƙasashe ke ware musu mako guda a shekara.

Me ya hana su yawo? Kuɗi ne kan gaba. Faifan daga waje ake sayo shi, sau da yawa a waje ake wanke shi. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, yin fim a kan faifai ya gagari yawancin masu shirya fim. Gidajen sinima kuma sun saba da na Indiya masu araha da tabbacin ciniki. Fim ɗin gida sai a haska shi 'yan kwanaki, a mayar da shi gwangwani.

Gwangwani kuwa ba ya riƙe amana a ƙasa mai zafi. Faifan yakan fara wani wari mai tsami, ya lanƙwashe, ya manne da juna, hoton ya narke. A 2016 aka gano faifan Shaihu Umar a cikin tarin gwangwanaye a wani tsohon ginin Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Legas, bisa ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal ta Balin ce ta gyara shi ta mayar da shi na kwamfuta. A wannan shekarar dai aka soke shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta jihar Kano bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Kowa na da hujjarsa a waccan rigima, ba ita muka zo tayarwa ba. Abin lura dai shi ne, a shekarar da muke gardama kan ko a gina wa fim gida, wasu na can suna kankare tsatsa daga gwangwanin fim ɗinmu.

Kaset, gidan kallo, sai waya

Mu da muke cikin shekaru talatin da wani abu, da kaset muka buɗe ido. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko da Hausa. Kafin shekara goma kasuwa ta buɗe. A 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa harkar suna Kannywood, a shekarar kuma Ibrahim Sheme ya fara fitar da mujallar Fim. Sangaya da Wasila suka shiga kowane lungu. A ƙarshen 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar, a 2001 ta kafa hukumar tace finafinai.

Kaset ya yi abin da sinima ta kasa, ya kai fim tsakar gida. Muna tuna gidan da ke da talabijin da janareto a unguwa, yadda tabarmi ke cika bayan isha'i. Iyayenmu mata da ba su taɓa taka sinima ba suka zama alƙalai. Inna ta ce wannan kishiya ba ta da tsoron Allah, Goggo ta ce ai laifin mijin ne, a kwana ana yi, washegari a ci gaba wajen surfe. A iya saninmu ba a taɓa tattauna fim a ƙasar nan kamar yadda aka yi a tsakar gidajen nan ba, sai dai ba wanda ya rubuta, kuma masu shirya fim ɗin ba su ji ba.

A waje kuma ga gidan kallo: rumfar kwano, benci, allo a ƙofa an rubuta sunan fim da alli. A nan tafinta ya dawo, wani yaro da ya haddace fim ɗin Indiya yana fassara wa na kusa da shi, rabi gaskiya rabi ƙari. Yau ƙwallon Turai ta cinye yawancin gidajen kallon, tafintan kuma ya koma cikin fim ɗin kansa, tun da aka fara fassarar Indiya-Hausa.

Sai waya ta zo. Yanzu kowa na da allonsa a aljihu. Ka je shagon masu tura finafinai a cika maka memori, ko ka sayi data ka bi Labarina ko Izzar So a YouTube, ko ka jira Daɗin Kowa a Arewa24. Ba a taɓa kallo da yawa kamar yau ba. Amma a ɗaki guda sai ka ga mutum huɗu, kowa da abin ji a kunne, kowa da nasa fim. Ana sharhi a Facebook, gaskiya ne, sai dai yawanci a kan rayuwar 'yan wasa ake yi, kuma da mutanen da ba za ka haɗu da su a masallaci ko wajen suna ba, don haka ba mai tauna magana kafin ya faɗa.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta akwai abin da ke ba mu tsoro a nan. Mutane na zaton duk abin da ya hau intanet ya tsira. Ba haka ba ne. Memori na lalacewa, ana goge shi don a samu wajen sabon fim, tashar YouTube na iya rufuwa dare ɗaya da duk abin da ke cikinta. Kaset ɗin bidiyo na yin fumfuna, faifan CD na karcewa, injinan da ke karanta su ma sun kusa ƙarewa a kasuwa. Mun taɓa neman wani fim da muka kalla muna yara, muka bi shaguna a garuruwa uku, abin da muka samu kwafi ne na kwafin kwafi, fuskokin sun dushe, sautin kamar daga cikin rijiya. Shaihu Umar ya yi shekara 40 kafin a ceto shi. Finafinan 1990 zuwa 2005 ba lallai su yi wannan haƙurin ba.

Abin da maƙwabta suka yi

A 1969 wasu masu son fim a Wagadugu suka shirya makon nuna finafinan Afirka. Shi ne ya zama FESPACO, bikin da ya fi kowane girma a nahiyar, ana yin sa duk bayan shekara biyu. Da aka fara ba da babbar kyautarsa a 1972, ɗan Nijar ne ya ɗauka, Oumarou Ganda, wanda yau babbar cibiyar al'adu a Yamai ke ɗauke da sunansa. Sembène Ousmane na Senigal kuwa ya ɗauki sinima a matsayin makarantar dare. Yakan bi garuruwa da finafinansa, in an gama haskawa ya tsaya a yi ta muhawara da shi. Majigi ne shi ma, bambancin kawai lasifikar na zagayawa.

A gida ma akwai bukukuwa. Hukumar Finafinai ta Nijeriya, mai hedikwata a Jos, tana shirya bikin Zuma a Abuja, a Kano kuma ana yin KILAF na finafinan harsunan Afirka. Suna da amfani, amma taron 'yan sana'a ne da manyan baƙi a manyan birane. Manomin Mahuta ko Dantankari ba ya cikin lissafi, alhali kakansa ne ɗan kallon farko.

Kwana uku bayan kaka

Tarihin nan ya nuna mana abin da ba mu taɓa haɗawa ba: a tara kowa kamar majigi, a nuna fim ɗin da ya dace da mu, sannan a miƙa wa ɗan kallo lasifika. Ba ya buƙatar alƙarya ko biliyoyi. Na'urar haskawa yanzu ba ta fi girman littafi ba, batirin sola na iya riƙe ta. Ɗakin taron makaranta ya isa. Daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, bayan an kai masara gida aljihu ya ɗan yi nauyi. A nemi izinin masu finafinan a biya su haƙƙinsu, a sanar da hakimi da limamai tun da wuri, a ba su kujerar gaba kamar yadda aka saba. A ware wa mata lokacinsu da mai jagorantar zamansu. A haɗa tsohon fim da gajerun finafinan da yaranmu ke ɗauka da waya. Duk wanda ke da tsohon kaset a ƙarƙashin gado ya kawo, mu masu kwamfuta mu kwafe, a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Mun san halin da ake ciki. Matsalar tsaro ta sa taron dare ya zama abin tsoro a Ɗandume da Sabuwa da Faskari, ba mai hankalin da zai tara jama'a a fili bayan isha'i. To a yi da rana, a rufe tagogi da baƙin ƙyalle, a tashi kafin magariba.

Wannan halin ma shi ne babban dalilin da ya sa muke son a fara da Shaihu Umar. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim aka ƙetare hamada da shi. Mahaifiyarsa ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa cikin bauta, ba ta sake ganinsa ba sai dab da ajalinta. A Balin tarihi suka kalla. A nan kuwa, cikin waɗanda za su zauna a benci akwai uwar da ta san zaman jiran kiran waya daga daji, akwai wanda ya sayar da gona da shanun huɗa don ya karɓo ɗan'uwansa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Ba mu ce fim zai kawo ƙarshen wannan masifa ba. Amma in aka kunna fitila bayan an gama, aka ce, "Inna, ga lasifika," muna zaton za a ji maganar da ba a taɓa ji a wani bikin finafinai na duniya ba, kuma ya kamata a naɗe ta a ajiye tare da fim ɗin.

Allah ya jiƙan Adamu Halilu da sauran magabata da suka yi wannan aiki, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, ya nuna mana ranar da za mu sake shimfiɗa tabarma a ƙofar fada bayan isha'i ba tare da fargaba ba.